Zagin da Na Yanke

Bidiyon minti huɗu ne da 'yan sakanni. Ni na ɗauka, ni na yanke, ni na ɗora. Na fara da wannan don kar a ce ina neman wanda zan jingina wa laifi.

Kakata ta rasu ranar wata Talata a gidanmu na unguwar Maamobi, gidan da ke bayan gota, babbar kwatar unguwa. Dagomba ce, tun tana budurwa ta sauko Akra. Hausa muke yi a gida kamar kowa a Zongo, yarensu sai in ranta ya ɓaci.

A ɗakin bakin ƙofa akwai wata tsohuwa da muke kira Mma Moshi. Ba danginmu ba ce. Mijinta ya rasu tun ba a haife ni ba, ba ta da ɗa a raye, Kaka ta ce ta shigo ta zauna. Ba takarda, ba haya, maganar baki ce kawai tsakanin mata biyu. Teburinsu a Kasuwar Malam Atta manne suke da juna. Kaka na sayar da kuka da busasshiyar kuɓewa, ita kuma daddawa da kanwa.

Wanda bai tashi a wajenmu ba sai na yi masa bayani. Moshi da Dagomba abokan wasa ne. Duk abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya ba a fushi, kuma ba mai shiga tsakani. Ni da zagin nan na tashi, shi ne agogona. Da sassafe Kaka za ta tsaya a ƙofar ɗakin ta buga da sandar tsintsiya.

"Ke baiwa, gari ya waye, ko sai na zo da bulala?"

"Wace marar kunya ce ke tashin uwargijiyarta? Au, ɓarauniyar doya ce."

"Fito, jaka. Ga katako nan a gabanki. In kin faɗa gota ba mai tsamo ki, gotar ma za mu ba haƙuri."

Haka za su tafi, Kaka a gaba, ita a baya da kwanon daddawa a ka. Bakin Kaka ba ya hutawa har su ɓace a lungu. "Hagu, dabba, ba ki ga mai koko ba? Ɗaga ƙafa, ko a garinku ba dutse?" Masu shago suna dariya, mu ma muna yi. Ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba.

Al'adar tana bin mutum har kabari. In Dagomba ya mutu, abokin wasansa zai zo ya zage shi a gaban jama'a, ya kwaikwayi tafiyarsa, wani lokaci ya ɗauke takalminsa ko tukunya sai an lallashe shi ya mayar. In ba a yi ba, kamar mamacin bai da kowa ne.

Ranar addu'ar uku maza suna waje ƙarƙashin rumfar kanofi da malamai, mu mata muna tsakar gida ana rabon masa. Mamata kwana uku ba ta ci abin kirki ba. Mma Moshi kuwa tun ranar Talata ba wanda ya ji muryarta. Tana zaune a kan benci jikin bango kamar an ajiye ta. Mata suka fara tsokanarta, ta ƙi kulawa. Sai mamata da kanta ta tashi ta ɗauko gyalen Kaka, ta sa mata a hannu.

"Mma, ki yi mata. In ba ki zage ta ba za ta ce fushi kike."

Ni lalle nake yi da kwalliyar amare, waya ba ta barin hannuna, da ita nake samun aiki. Ina ganin ta miƙe na danna.

Ta ɗaura gyalen a ƙugu yadda Kaka ke yi. Ta fara ɗingishi irin na Kaka, hannu ɗaya a baya, tana taunar goron da babu. Tsakar gida ta ɗauka. Mamata ta yi dariya har ta riƙe ciki, karo na farko tun rasuwar. Sai Mma Moshi ta tsaya cak tana fuskantar ƙofar ɗakin Kaka. Mata suka yi tsit suna jiran ta sauke zagi. Ni kuma na jawo fuskarta kusa.

"Gara da kika mutu, muguwa. Baiwa ta mutu, gida ya huta. Wa zai yi wa Dagomba kuka? Ko kyanwa ba za ta yi ba. Malalaciya, sai da aikin shara ya zo kanki kika kwanta kika mutu. Tafi, kar ki dawo."

Aka fashe da dariya, wasu da hawaye a ciki. Ita ba ta yi ba. Ta bi bango da hannu ta shige ɗakin Kaka. Na bi ta har bakin labule, a zatona tukunya za ta ɗauko a ci gaba da wasa. Na ji ta zauna a kan gado tana magana ƙasa-ƙasa, muryar na rawa. Kunya ta kama ni, na sauke hannu, amma ban kashe ba sai da na koma tsakar gida. Abin da ta faɗa ban ji ba, hayaniya ta yi yawa.

Bayan kwana biyu ina da amarya a unguwar Madina, aikin da na karɓa tun Kaka na da rai. A trotro, motar haya, na buɗe bidiyon. Na yi masa abin da nake yi wa na amare. Farkon yana rawa, ga surutun mata, ba mai tsayawa kallon wannan. Ƙarshen kuma labule ne da siminti. Na ja daga nan, na ja daga can, na bar inda murya ta fita tas kuma magana ta fi zafi. Sakan talatin bai cika ba. A ciki babu mamata, babu gyale a hannu, babu ɗingishi, babu dariya ko ɗaya. Tsohuwa ce kawai da fuska a ɗaure tana cewa gara da kika mutu. Ni da na san abin da ke gaba da abin da ke baya, dariya ya ba ni har yaron mota ya waigo. Na sa fuskokin dariya uku, na rubuta "Mma Moshi ba dama", na ɗora a sitatos.

Abin da na manta, kuma na sani sarai, in mutum ya sauke bidiyo ya tura gaba rubutun ba ya binsa.

Kafin in gama hannu ɗaya na amarya wayata ta yi zafi. Wata ƙawata ta turo mini bidiyona da kaina, tana tambaya, "Ƙawata, ba gidanku ba ne wannan?" An sa masa sabon rubutu: "Ku ji sakayyar da aka yi wa Hajiya bayan ta ba ta ɗaki." Har yau ban san wanda ya rubuta ba. Na goge nawa a take, hannuna duk lalle. Goge nawa bai goge na kowa ba.

Washegari da rana kawuna ya kira ta bidiyo. Shi ne babban ɗan Kaka, yana Amurka tun ina rarrafe. Takardunsa ba su daidaita ba, in ya fito ba zai koma ba, saboda haka bai ga gawar uwarsa ba. Duk abin da ya samu na jana'izar ta waya ya same shi. Shi ya sake rufin gidan, shi ya jawo famfo, kuma yanzu da Kaka ba ta nan maganarsa ce magana. Mamata ta riƙe wayar, ina tsaye a bayanta. Yana cikin mota, idonsa jawur.

"Yaya, wasa ne fa. Ni na ba ta gyale na ce ta yi."

"Kar ki koya mini wasan Moshi, a gidan nan aka yanke mini cibiya. Mai wasa dariya yake yi. Na kalli abin nan ya fi sau ashirin. Dubi fuskarta. Dubi idonta, ko ƙiftawa ba ta yi. Wannan daga zuciya ya fito."

"Wallahi duk muna wurin, dariya muka yi."

"Ina dariyar? Ni ban ji ba. Uwata ko kwana uku ba ta yi a ƙasa ba, abokaina a nan suna turo mini suna ba ni haƙuri. Kafin addu'ar arba'in ta bar ɗakin nan. Ba na so in ji wata magana."

Na sa baki na ce, "Kawu, ni na ɗauka, akwai sauransa."

"To turo. Duka."

Na shiga ɗaki na sa abin kunne don in tabbatar dariyar ta fito. Ta fito. Na bar shi ya ci gaba har wurin labule, na ƙara sauti. A kunne maganar ta fita ɗaya bayan ɗaya.

"To, kin yi. Kin tafi kin bar ni a duhu. Gobe wa zai zage ni in san inda katako yake? Shekara huɗu kina jan makauniya da baki, ba wanda ya sani, ko 'yarki ba ta sani ba. Kin ce ba za ki faɗa ba, kuma ba ki faɗa ba, muguwa. Yanzu in na fito muryar wa zan bi?"

Sai kuka, irin wanda mutum ke toshewa da zane.

Na zauna a ƙasa. Hagu, dabba. Ɗaga ƙafa. Ga katako nan a gabanki. Na tuna a kasuwa yadda Kaka ke cewa, "Ga marowaciyar nan mai jan gyale ta zo, ba ta daddawarki mai wari," ashe gaya mata take wanda ke tsaye. Na tuna tun ranar Talata Mma Moshi ba ta taka waje ba, muka ce makoki ne. Gida ɗaya muke, kullum ina wuce ƙofarta, ni da nake taƙama ina ganin gashin gira ɗaya in ya kauce a fuskar amarya.

Da la'asar na shiga ɗakinta. Tana zaune a bakin katifa tana murza daddawa.

"Wace Dagombar ce ta shigo ba sallama? Jikar ɓarauniya, me kika zo sata?"

Na gaya mata komai. Bidiyon, yankan, rubutun da aka sa, maganar Kawu. Ba ta katse ni ba. Da na ce akwai hanyar gyarawa, na kunna mata ƙarshen. Tana jin muryarta ta ce, "Kashe."

Na kashe.

"Wa ya ce ki bi ni?"

"Mma, na ɗauka tukunya za ki ɗauko."

"Da ita nake magana. Ba da ke ba, ba da kawunki ba. Goge."

"In ya ji wannan ba zai kore ki ba. Wallahi kuka zai yi."

"Na sani. Kukan ne ba na so." Ta goge hannu a zane. "Ke yarinya ce. In suka sani na zama kaya. Wannan ya riƙe mini hannu, wancan ya yi mini magana a hankali kamar jaririya. Masu sayen daddawa su fara leƙa kwano suna neman ƙuda. Ɗan ƙanena ya ji labari ya sauko ya kwashe ni zuwa garin da na bari tun haƙorana suna cike. Gara a ce muguwa ce. Muguwa mutum ce, ana gaishe ta da tsoro."

"To ina za ki?"

"Akwai 'yar garinmu a Agbogbloshie."

Na san wurin. Rumfar katako ce bayan masu albasa, mata da yawa ke kwana a ciki, in an yi ruwa a tsaye suke. Mai ido ma da ƙyar yake fita daga layin nan ba tare da kurar kaya ta buge shi ba.

"Rantse ba za ki tura ba."

Na ce, "To, Mma." Ban rantse ba. Ta ji ban rantse ba, ta koma kan daddawarta.

Sai na yi dabara, a ganina. Na yanke bidiyon karo na biyu. Na bar farkon duka, mamata da gyale, ɗingishi, dariyar kafin zagin da ta bayansa, na tsaya daidai inda ta ɗaga labule ta shiga. Na tura wa Kawu. Minti biyar bai yi ba ya aiko da murya.

"Na ce duka, kin sake yankewa. Kowa na dariya ban da ita, kin gani ai. Sannan ta shige ɗakin uwata ita kaɗai. Me ta yi a ciki? Me kuke ɓoye mini ke da uwarki?"

Ya tura wa ƙannensa su gani, su ma suka tura. Kafin mako ya zagayo magana ta canza a unguwa. Yanzu ba zagi kaɗai ba ne, wai ta shiga ta ɗauki wani abu, wasu suka ce 'yan kunnen zinariya, wasu suka ce abin da ya fi wannan muni, wai ƙasar ƙarƙashin gado. Kaka ba ta taɓa mallakar zinariya ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro mutanen da suke wurin ne. Matar da ke sayar da wake da shinkafa a bakin lungu tana zaune kusa da ni ranar, da idona na ga tana share hawayen dariya. Na je sayen abinci ta ce mini, "Gaskiya da na sake kallo, ta ɗan zarce. Ranar ban lura da fuskarta ba." Ranar sau ɗaya ta gani. Bidiyon kuwa yana wayarta, ta kalla ta sake kalla har ya danne abin da ta gani da idonta. Mamata ma wata rana tana wanke kwano ta ce, ba da ni take ba, "Amma me ya hana ta dariya?"

Na san amsar, tana cikin aljihuna. Ina zana fure a ƙafar amarya ina jin nauyin wayar a cinyata. Na rage ci. Sau biyu na buɗe sunan Kawu na rufe.

Mma Moshi kuwa ba ta ce wa kowa komai ba. Mamata ta je ta ce za ta ci gaba da roƙon yayanta, tsohuwar ta ce a bar shi, ɗan gida ne, gidansu ne. Ta fara haɗa kaya a babbar jakar leda mai ratsi. Ni kaɗai na san me ya sa take yi da ƙofa a rufe.

Saura kwana shida arba'in, da safe na fito zubar da ruwa na gan ta a waje. Karo na farko. Ta yi wanka, ta sa mayafi, kwanon daddawa a ka. Tana gwada hanya ne. Ta bi bangon gidanmu har ya ƙare. Daga nan zuwa katakon da ke kan gota taku kaɗan ne, amma babu abin dafawa. Ta tsaya. Ta miƙa ƙafa tana laluben ƙasa da yatsa, ta janye. Ta gyara kwano kamar mai jiran wani. Wani mutum ya zo wucewa da takalmi mai ƙara, ta bi sautin da sauri, ƙafarta ɗaya ta hau katako, ɗayar ta sauka a gefensa, rabi a iska. Kwanon ya karkata. Ta ja baya da ƙyar ta tsaya tana haki. Wasu samari biyu a kan benci suna kallonta, ɗaya ya ce, "Alhaki ne ya fara." Ba wanda ya tashi.

Ni ma ban motsa ba. In na ruga na kama hannunta, na tona ta a gabansu. Na tsaya da bokiti har ta juya ta lalubo bango ta koma.

A nan tsaye na tura. Duka, minti huɗu da sakanninsa. Na rubuta, "Kawu, kai kaɗai, don Allah kar ka nuna wa kowa." Can wajensu gari bai waye ba, amma nan take alamar ta nuna ya buɗe.

Da ya kira ban gane muryarsa ba. "Na zalunci tsohuwar nan. Uwata tana jan ta shekara huɗu, ni ina nan ina korar ta." Na ce Kawu ka tuna abin da na rubuta. Ya ce, "An ɓata mata suna a bainar jama'a, a bainar jama'a za a wanke ta." Na roƙe shi. Ya ce ni yarinya ce ban san nauyin hakki ba. Da zuciya ɗaya ya yi, wannan na yarda. Ya sa a gurup ɗin gida da doguwar murya yana neman gafara, ya ce ɗakin nata ne har ranar da Allah zai ɗauke ta, kuma a kai ta asibitin ido. Daga gurup ɗin gida zuwa unguwannin Maamobi da Nima tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba.

Kafin azahar tsakar gidanmu ta cika. Mata da kwanonin abinci, har da mai wake da shinkafa. "Wayyo Mma, ashe ba kya gani!" "Sannu Mma, ni ce, kin gane muryata?" Wata ta riƙa kaɗa hannu a gaban fuskarta tana gwadawa. Wata ta kunna bidiyon a wurin, muryar Mma Moshi na kuka a wayar wata a gaban Mma Moshi. Mamata ta durƙusa ta riƙe ƙafafunta tana cewa ki yafe mana. Ita tana zaune a kan benci, hannu a cinya, tana cewa na gode, na gode, Allah ya saka.

An kai ta asibiti. Likita ya ce an makara. Ɗan ƙanenta ya kira daga arewa sau biyu, Kawu ya ce masa ba inda za ta. Jakar leda ta koma ƙarƙashin gado. Kasuwa kuwa ba ta sake zuwa ba. Mamata ta ce za ta riƙa kai ta, ta ce a'a, ta gaji da warin daddawa. Wata mata ce ke kan teburin yanzu, tana sayar da tumatir.

Na ɗauki kwanaki ina kewaye ƙofarta. Bayan arba'in na shiga. Na yi sallama, ta amsa cikakkiya.

"Sannu da zuwa, 'yata. Ga kujera."

Tun da aka haife ni ba ta taɓa ce mini 'yata ba. Jikar ɓarauniya nake, ko mai kan doya.

"Mma, na gan ki a bakin gota ranar nan. Shi ya sa."

"Na san kina wurin. Bokitinku yana da ƙara."

"Ki yafe mini."

"Na yafe. Ga ni a ɗaki, ruwa ba ya dukana. Kin kyauta." Ta gyara zama. "An ce duka kika tura masa."

"Duka, Mma."

"Dukan nawa ne?"

"Minti huɗu da kaɗan."

"Minti huɗu." Ta jinjina kai. "Da suka ga guntu suka ce muguwa. Da suka ga minti huɗu suka ce abar tausayi. Ni da matar nan mun fi shekara talatin. Ranar da na haƙa mata ciyawar magani a bayan Madina da ƙafarta ta kumbura, yana ciki? Ranar da ta mare ni da gaske muka yi wata biyu ba magana, yana ciki? Na taɓa goya uwarki daga nan har asibiti da gudu. Yanzu duk wanda ya shigo makauniyar da Hajiya ta taimaka yake gaisarwa."

Na ce zan goge bidiyon. Ta ce in bar shi, na kowa ne yanzu.

Ɗakin dai yana hannunta. In aka sake mayar da ni bakin gotar nan da bokiti, ban san ko zan yi dabam ba, kuma wannan ne ke hana ni sakewa. Kawu yana kiranta duk Juma'a, yana mata magana a hankali. Duk unguwa ba mai zaginta. Tsofaffin Dagomba da ke tsayawa a ƙofa da can su ce ina baiwarmu, yanzu sai su ce ya jiki.

Wata safiya na ɗauki tsintsiyar Kaka na je na buga ƙofarta da sandar. Na daɗe ina shirya maganar a raina.

"Ke baiwa, gari ya waye. Fito mu je kasuwa, jaka, ni zan shiga gaba."

Muryata ta fito siririya, kamar ta mai karanta saƙo. Na ji motsinta a ciki, ta zo har bakin ƙofa ta buɗe kaɗan. Ta yi wanka, mayafinta a kafaɗa. Ta juyo da fuska daidai inda nake.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Je ki, kar ki makara aiki."

Ta mayar da ƙofa a hankali. Na tsaya da tsintsiya a hannu har na ji ta koma ta zauna a kan katifa.